Kwat Mai Ruwan Madara

Na san Mai Agogo tun kafin ya taɓa buɗe cikin agogo. Mun haɗu a shekarar da aka jawo wutar lantarki zuwa maɗaba'ar mishan, aka fitar da tsohon injin da ake murzawa da hannu aka jingine shi a bayan gini, aka kafa sabo mai ruri. Ni a lokacin ban daɗe da gama makaranta ba. An zaunar da ni a wani ɗan tebur kusa da taga ina duba kurakuran masu jera haruffa, ina yi musu alama da jar tawada, shi ya sa har yau tsofaffin da suka san ni ke kirana Jan Alƙalami. Shi kuwa an ɗauke shi ne don ya riƙa cusa wa sabon injin takarda. Siririn saurayi ne mai dogayen yatsu, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma kullum a bakin ƙofa yake cin abincinsa, inda iska ke ratsawa.

Wata rana da bazara, rana tsaka, kowa ya fita cin abinci, ni kaɗai na tsaya kan wani shafi da ya ƙi daidaituwa. Rufin kwano ne da mu, ciki kamar tanda. Sai na ji faɗuwar abu a bayan tarin takardu. Da na leƙa na same shi a ƙasa, jikinsa ya sandare yana karkarwa, idanu sun juye, kumfa a bakinsa. Wandon kakinsa ya jiƙe daga gaba har gwiwa.

Na ji tsoro ƙwarai. A gida an koya mana cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma ya ɗauka. A makaranta kuma sistar da ke duba mu ta ce ƙarya ne, ta koya mana a juya mutum ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa komai a baki. Na yi yadda sista ta ce, duk da abin da aka faɗa a gida bai fita daga raina ba. A lokacin doka ce duk mai aikin tebur ya sa kwat komai zafi. Na tuɓe baƙar kwat ɗina na lulluɓe masa ƙugu.

Sai na ji takun manaja yana tahowa. Na san in ya gane, daga ranar aikin yaron ya ƙare, kuma kafin yamma labari ya zaga gari. Ba mai sake cin abinci da shi a kwano ɗaya, ba mai ba shi 'ya. Akwai bokitin da muke wanke haruffa a kusa, na sa ƙafa na ture shi. Ruwa ya malale ƙasa, ya jiƙa shi gaba ɗaya, ya shiga ƙarƙashin takardu. Na ce wa manaja ni na yi tuntuɓe da bokiti, yaron ya zame ya bugi kansa. Manaja ya wanke ni da faɗa a gaban kowa, ya ce bai taɓa ganin mai ilimi da ƙafafun jaki ba sai ni.

Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wa ya gani?"

Na ce, "Ni kaɗai."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai ma ba ka gani ba."

Na ce, "Ban gani ba."

Bai yi mini godiya ba, ranar ko bayanta. Ya dai dawo mini da kwat ɗin a wanke a goge. Yanzu da ya kwanta dama, kuma waɗanda yake tsoron su sani su ma sun bi shi, zan iya faɗar sauran.

Ban ɓoye masa ba cewa wata rana injin zai cinye masa hannu. Bayan 'yan watanni ya ajiye aikin da kansa, ya je ya zauna wurin wani tsoho mai gyaran agogo. Daga nan ya gina rayuwarsa kaf a kan tsoron abu ɗaya, kuma ya gina ta da kyau yadda ba wanda ya lura. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani kanti yake, inda rana ba ta kaiwa. Kujerarsa gajera ce, don in ya faɗi kada faɗuwar ta yi nisa. A bayansa akwai labule da 'yar tabarma. Bai taɓa hawa keke ba, bai taɓa hawa tsani ba, a coci kuma kujerar ƙarshe kusa da ƙofa ce tasa. Ƙwayoyin maganinsa a cikin ƙoƙon wani mataccen agogon aljihu yake ajiye su, kuma can wani asibiti a ƙarshen gari yake karɓo su. Ciwon ma bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin". Mutumin ya kwana biyu bai zo ba. Mutumin ya leƙo jiya. Ya ce kafin ya zo yakan ji ɗanɗanon tsohon kwabo a bakinsa, maganar mutane ta yi nisa, daga nan lokacin da ya rage masa bai kai na ɗaure igiyar takalmi ba. Abubuwa uku ke kiransa: zafi, rashin barci, da fargaba.

Wandunansa kuwa duk baƙaƙe ne. Abokai suna tsokanarsa, suna cewa Mai Agogo yana zaman makokin da ba a san mamacin ba. Yakan yi murmushi ya ce baƙi ba ya nuna man agogo.

Matarsa ta sani, domin ya faɗa mata kafin su yi aure, ta ce ta ji. Mace ce mai zuciya. In ta ga ya ajiye cokali ya yi shiru, sai ta aiki yara sayen abin da ba ta bukata, ta rufe ƙofa. Haka suka yi renon 'ya'ya uku ba wanda ya taɓa gani. Da ta rasu, ni kaɗai na rage.

Auta ce ƙaramarsu, kuma ita kaɗai ce mace. Ni na tsaya mata a baftisma, shi ya sa take kirana Baffa. Ta samu miji yaron kirki, amma uwarsa tsohuwar shugabar makaranta ce wadda ba a ce mata a'a. Kowa ya san ta taɓa warware baikon babban ɗanta saboda ta ji an ce kawun yarinyar ya taɓa samun taɓin hankali. Ita ta sa ranar biki a tsakiyar bazara, don lokacin ne 'yarta da ke ƙasar waje ke samun hutu. Ita ce kuma ta yanke cewa duk iyaye maza na ɓangarorin biyu za su sa kwat da wando masu ruwan madara, don hoto ya yi kyau.

Ranar da Mai Agogo ya ji, ya rufe shago ya zo gidana. Ya zauna a bakin kujera bai ko karɓi gaisuwar matata ba sosai.

Ya ce, "Jan Alƙalami, an gama da ni."

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Ruwan madara. Tun daga wuya har ƙafa."

Ban gane ba da farko, sai da ya dubi wandonsa. Ya ce, "In na sa baƙi, zafi zai kira mutumin, kuma matar nan za ta tambayi dalilin da na fita daban. In na sa mai haske, ya zo, ba abin da zai ɓuya. Faɗuwa kaɗai ana iya cewa jiri ne. Wannan kuwa? Ita da ta yi shekaru tana duba yara a makaranta, kallo ɗaya za ta yi ta san ko mene ne. Ranar za ta fara lissafin jikokinta, wanne zai gaji ciwon."

Na ce ya faɗa wa Auta. Ya girgiza kai.

"In ta sani, ko dai ta faɗa musu, ko ta shiga gidansu da ƙarya a baki. Wanne zan ɗora mata?"

"To ka ce ba ka da lafiya, yayanta ya raka ta."

"Na gwada. Ka san abin da ta ce? Ta ce, Baba, ranar da na karɓi kyauta a makaranta kana bakin ƙofa, ranar da na gama jami'a kana bakin ƙofa. Mama ba ta nan. Wannan karon hannunka nake so." Ya dube ni ya ce, "Me zan ce mata?"

Washegari muka tafi kantin yadi. Mai kantin wani mai ƙiba ne mai yawan dariya, ya sauko mana da bandir-bandir na ruwan madara ya shimfiɗa a kan tebur. Mai Agogo ya ɗauki gefen kowanne ya kai bakinsa ya hura, ya sa tafin hannu a baya don ya ji ko iska ta ratsa. Da ya gama ya roƙi kofin ruwa. Mai kanti ya ɗauka sha zai yi. Sai ya tsoma yatsa ya riƙa ɗiga ruwa a kan kowane yadi, yana sunkuyawa da gilashinsa na ido ɗaya yana kallon yadda wurin ke yin duhu.

Mai kanti ya ce, "Baba, cocin naku yoyo yake yi ne?"

Na ce, "Gumi yake gudu."

"Ah, in gumi ne ga wannan." Ya jawo wani mai sheƙi. "Roba ce zalla. Ka zuba masa tulu guda ba zai nuna ba. Sai dai in ka sa shi da ranar nan, kafin fasto ya ce amin ka nuna kamar rogo."

Gaskiya ya faɗa. Ruwan ya tsaya a kan yadin kamar ƙwallon dalma, ya gangara bai bar alama ba. Amma da Mai Agogo ya hura shi, ko kaɗan iska ba ta ratsa ba. Lilin kuwa iska na wuce shi kamar taga, sai dai ɗigo ɗaya ya bar tabo mai faɗin kwabo, mai duhu, wanda ake gani daga bakin ƙofa. Ya tsaya tsakanin yadin biyu, hannu ɗaya a kan kowanne. Na ga gumi na tsattsafo masa a goshi, har na matsa kusa da shi ina duban inda zan kwantar da shi in ta kama.

Mai kanti ya ce, "Baba, amarya ma ba ta daɗe haka wurin zaɓe."

Daga ƙarshe ya ɗaga hannunsa daga kan robar. Ya ce da ni a hankali, "Gara in hana mutumin zuwa da in shirya masa masauki." Muka yanki lilin, nasa da nawa, domin ni ma an lissafa ni cikin iyaye.

Wurin tela kuma wani yaƙin ne. Telan tsohon saninmu ne, mai alfahari da aikinsa. Mai Agogo ya ce ba ya son shafi, wato yadin ciki, a kwat ɗin.

Tela ya cire allurar da ke bakinsa. "Kwat ba shafi? Ai wannan buhu ne mai hannu."

"Kuma ban da falmaran."

"To, ɗan'uwa, sai me kuma? In cire wandon?"

"Kwalar rigar ciki ka sake ta, yadda yatsu uku za su shiga. Laktaye kuma ka ɗaure shi ka ɗinke, ka sa masa ƙugiya ta baya, yadda in an ja zai fita. Kwat ɗin ka ƙara masa tsawo."

"Har ina?"

Ya nuna tsakiyar cinyarsa.

Tela ya juyo gare ni. "Jan Alƙalami, abokinka aurar da 'ya zai yi ko tiyata zai shiga? Don Allah in an tambaye ku wa ya ɗinka, ku ce daga waje aka aiko." Ya yarda da komai ban da tsawon. Nan ya ce sai dai a kai wa wani, don sunansa ne a jikin rigar. Suka daidaita a ɗan ƙarin da bai rufe komai ba.

Saboda haka muka yi namu shirin. Baƙar kwat ɗin nan ta maɗaba'a tana nan a ƙasan akwatin matata, ta daina yi mini daidai tun da daɗewa. Muka shirya zan rataya ta a hannu ranar bikin, in bi shi duk inda ya sa ƙafa. In ya ji ɗanɗanon, zai kama kan agogon hannunsa kamar mai murza shi. Ni kuma in kama shi mu fita ta ƙofa mafi kusa. In lokaci bai isa ba, in rufe shi. Har cocin muka je ranar aiki da tsakar rana, muka duba wace fanka ke juyawa, wace taga ke buɗuwa. Muka tarar daga babbar ƙofa zuwa gaban bagadi ba wata mafita. Ya tsaya a tsakiyar hanyar yana duban gaba da baya. Ya ce, "Da can ban san tana da tsawo haka ba."

Sati ya rage, mutumin ya zo. Ya yi shekaru bai yi zuwa irin wannan ba. Ina zaune a shagon, sai na ga ya ajiye hantsaki ya shige bayan labule, na bi shi. Da ya farfaɗo ya kwanta yana kallon ƙasan matakala, ƙafafun masu sayayya na hawa da sauka a kanmu. Ya ce, "Da a can ne fa?" Daga ranar ni ma barci ya gagare ni. Ina rufe ido sai in gan shi kwance a tsakiyar coci, Auta a tsaye da farar riga, uwar ango ta saukar da tabarau tana kallo.

Ranar bikin ta waye da zafin da ban taɓa jin irinsa ba. Tun da hantsi kwalta ta fara laushi. Na yi wanka, na sa lilin ɗina, na sha ƙwayar hawan jinina kamar yadda nake yi kowace safiya. Ni mutum ne da ban taɓa tsallake magani ba. Likita ya taɓa gaya mini cewa ƙwayar tana sa yawan fitsari, in zan yi doguwar tafiya in jinkirta ta. Hankalina duk yana kan wani, ban tuna ba sai da ta wuce maƙogwaro.

Matata ta ga baƙar kwat a hannuna ta ce, "Wannan gawar kuma ina za ka kai ta?"

Na ce ko sanyi zai taso da yamma. Ta dube ni, ta dubi sama, ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Ana fara kiɗan shigowar amarya aka ɗauke wuta. Na ji fankoki suna rage gudu ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya. Mata suka shiga fifita da takardun tsarin biki. Mai Agogo ya shigo riƙe da hannun Auta, fuskarsa ta koma kalar rigarsa. Ni ina bin jikin bango daidai da su, ina taka ƙafafun mutane ina ba da haƙuri. A tsakiyar hanya na ga hannunsa na dama ya tafi wajen agogo. Na warware baƙar kwat na fara kutsawa tsakanin kujeru. Ashe hannun rigarsa ne ya naɗe, ya gyara shi ya ci gaba. Ya kai ta gaba, ya miƙa hannunta ga ango, ya zauna a kujerar farko karo na farko a rayuwarsa. Na zauna a bayansa ina kallon ƙeyarsa har aka gama wa'azi, kuma faston ranar bai yi gaggawa ba.

Tun a coci na fara jin matsuwar fitsari. Na ce in mun isa zauren liyafa zan zaga. Da muka isa aka wuce da mu kai tsaye zuwa babban tebur a kan dandamali, ni a damarsa, uwar ango a hagunsa. Zauren cike yake, injin wuta na ta ƙara a waje amma fankokin iska mai zafi kawai suke juyawa. Banɗaki kuma can ƙarshen zauren yake, bayan ɗaruruwan mutane. Na raɗa masa, "Yaya?" Ya ce, "Kada ka matsa ko'ina. Kaina na yi mini nauyi." Na zauna.

Aka yi jawabin shugaban taro, aka yi na kawun ango, aka yanka kek. Matata daga teburinta ta lura ina mutsu-mutsu, ta yi mini alama da kai in je mana. Na kawar da ido. Na ce bari ya gama nasa jawabin, shi ne wuri mafi haɗari, daga nan in tashi. Aka kira uban amarya. Ya miƙe, ya dafa tebur da hannu ɗaya. Bai yi dogon zance ba. Ya ce shi mai gyaran agogo ne, bai iya magana ba, abin da ya sani kawai shi ne agogo ba ya son a buɗe shi a gaban iska, in sun sami matsala su gyara ta a cikin ɗaki. Mutane suka yi dariya suka tafa. Ni idona na kan yatsunsa, ina riƙe da kaina da duk ƙarfin da ya rage mini. A cikin tafin nan ƙarfin ya ƙare. Na ji ɗumi na bin cinyata, ban iya tsayar da shi ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na ja baƙar kwat na rufe cinyoyina. Na tuna ɗigon ruwan da ya yi a kantin yadi, da yadda ake hango shi daga bakin ƙofa. Sai mai hoto ya ce duk na babban tebur su zagayo gaba su jeru. Kowa ya tashi, ni kaɗai na rage.

Uwar ango ta ce, "Baban baftisma, kai muke jira. Kuma don Allah ajiye wannan baƙar rigar, za ta ɓata mana hoto."

Na ƙara danne baƙar kwat a kan cinyoyina. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar Lahadi ta cocin nan, rabin mutanen da ke zauren sun zauna a gabana suna yara. Ta sake cewa, "Lafiya dai?" ta fara zagayowa ta bayan kujeru.

Mai Agogo ya dube ni, ya dubi ƙasan kujerata. Akwai babban jug na gilashi cike da ruwan lemo a tsakanin mu. Ya ce, "Bari in jiƙa maƙogwaro tukuna." Ya ɗaga jug ɗin, ya karkato shi, ya sake shi. Lemon ya kwarara a kan cinyata, ya bi teburin, ya zuba ƙasa har kan takalman uwar ango. Ta yi tsalle baya tana salati irin nata.

Ya ce da ƙarfi yadda na kusa duk suka ji, "Wayyo, ku gafarce ni! Tsufa ne. Hannun nan ya fara rawa kwanan nan, ban faɗa wa kowa ba ne."

Ta ce, "Mai gyaran agogo da rawar hannu? To Allah ya kyauta wa masu agogo." Mutane suka yi dariya. Da yawa daga cikinsu a shagonsa suke gyara.

Ya ɗauki baƙar kwat ya ɗaura mini a ƙugu da hannayenta, ya ƙulle da kansa. Yatsunsa ko rawa ba sa yi. Ya yafito matata ya ce ta kai ni gida in canza, ya ɓata mini ado. Na riƙe hannunsa na ce a hankali, "Kai fa? Saura hoto, saura rawa. Bari in je in dawo."

Ya ce, "Kafin ka dawo an tashi. Je ka."

"Rigar fa? In ya zo da me za a..."

"Na ce je ka."

A mota na waiwaya. Ta ƙofar zauren na hango shi tsaye a tsakiyar layin hoto, cikin ruwan madara daga wuya har ƙafa, ba kowa a bayansa.

Ban taɓa yin yamma mai tsawon wannan ba. Na yi wanka na zauna kusa da waya. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na miƙe. Matata ta ce, "Lemo ne fa kawai, malam, ba jini ba." Ta ɗauki wandon za ta jiƙa, ta tsaya, ta shinshina, ta dube ni, sannan ta tsoma shi a ruwa.

Rana ta kusa faɗuwa na ji ana taɓa ƙofa. Shi ne, laktaye a aljihu, kwat a kafaɗa, rigar ciki ta manne a jikinsa. Abin da na fara duba wandonsa ne. Ya yamutse kamar yadda lilin ke yi, amma a bushe yake. Ya zauna ya cire takalma.

Na ce, "Ya zo?"

"Ya leƙo. Muna cikin rawa da Auta na ji kwabon a bakina."

"Sai me?"

"Sai ta ce, Baba, mu zauna, takalmin nan na cin ƙafata. Ta ja ni bakin taga, ta tsaya a gabana da rigar nan tata mai faɗi tana yi mini fifita, tana hira da ƙawayenta. Can sai na ji ya wuce."

Na ce, "Kana ganin ta sani?"

Ya ce, "Takalmi ta ce yana cin ƙafarta."

Matata ta kawo masa shayi ta fita. Ina so in yi maganar masu agogon da za su daina kawo masa gyara, kuma lallai wasu sun daina, amma na kasa. Na dubi baƙar kwat a rataye a igiya ta taga, tana ɗiga.

Na ce, "Wa ya gani?"

Ya kurɓi shayinsa. "Ni kaɗai."

Na jira. Ya ajiye kofin ya ce, "Ni ma ban gani ba." Sannan ya ɗaga kai ya dubi agogon bangona, ya dubi na hannunsa, ya ce nawa ya yi baya, in sauko masa da shi tunda ya zo.